Shagon awo na haɗaka a Sabon Garin Zariya, wata 8 ina saye a wajensu

Assalamu alaikum. Mata da yawa a layinmu da ma wajen aiki sun dame ni da tambayar wai ina nake awo yanzu, tunda sun ga na daina zaryar shagon bakin layi kullum da 'yar leda a hannu, sai dai farkon wata keke ya tsaya a ƙofar gida a sauke kaya. To shi ne nace bari in zauna in rubuta sau ɗaya, mai daɗi da mara daɗi duka. Ba talla aka biya ni ba, sunan shagon ma ba zan kama ba, saboda akwai ƙorafin da zan yi a kansu kuma bana son ya zama na tozarta bawan Allah a kan sana'arsa. Duk wanda ya san ɓangaren 'yan hatsi a kasuwar Sabon Gari zai gane irin shagon da nake nufi, dan ba su kaɗai ke yi ba yanzu.

Yadda tsarinsu yake shi ne haɗaka. Suna da gurup a WhatsApp, ƙarshen wata yaron shagon zai turo farashin buhu na kowane abu, gero, dawa, masara, wake fari da ja, waken suya, gyaɗa, alkama, shinkafa 'yar Hausa, wani lokaci har da acca, ke kuma ki rubuta tiya nawa kike so, idan mutane sun cika buhu sai a fasa a raba muku a kan kuɗin buhu ba kuɗin tiya ba, a ɗora ɗan ladan awo da kuɗin keke. Mai shagon yace min yawancin kayan daga kasuwannin Giwa da Soba da Makarfi yake ɗaukowa, shi yasa yake iya sauƙaƙawa. Kina yin taransifa, ranar Asabar a kawo. Suna auna da tiya amma akwai sikeli a gefe, in kin ce a ɗora miki za a ɗora ba tare da ɓata rai ba, wannan kam na yaba musu, dan kowa ya san akwai tiyar da aka bubbuga gindinta a kasuwa.

Ni dai ba araha kaɗai ta kai ni wajensu ba, kuma wannan shi ne ainihin abin da nake so in faɗa.

Mu 7 ne a gida, ni da Abbansu da yara 4 da ƙanwarsa da ke karatu a Kongo, reshen jami'ar ABU da ke nan Zariya. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 kowa ya san abin da ya faru, ba sai na tsaya labari ba, a 2024 buhun shinkafa mai kilo 50 ya haura naira 80,000 alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a shekarar 70,000 ne, hukumar ƙididdiga ma da kanta ta ce tsadar abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar shekarar. To abin da na yi a lokacin shi ne abin da kusan kowace uwa ta yi, na zauna na dinga zare abubuwa daga cefane ɗaya bayan ɗaya. Nama ya fara fita, sai kifi, sai ƙwai, sai madara ta koma ta leda ƙarama, kayan marmari kuwa sai in baƙo ya kawo. Abin da ya rage a tukunya shi ne abin da ke cika ciki da wuri, taliya, makaroni, garin kwaki, biredi da shayi, tuwon masara da aka surfe tas, sai in ƙara mai da magi dan abincin ya yi ɗanɗano tunda babu abin da zai ba shi daɗi. A raina ina ganin na yi dabara, babu wanda ya kwana da yunwa.

Sai wata rana Abbansu ya dawo da ciwon kai mai tsanani, ƙeyarsa na riƙewa, muka je asibiti aka auna jini ya hau sosai, aka gwada suga aka ce bai kai ciwon ba tukuna amma yana bakin ƙofa. Aka ɗora shi a sikeli kilo 98. Nas ɗin ta auna tsayinsa mita 1.72, ta yi lissafin nan da ake raba nauyi da tsayi sau tsayi ya ba da 33, tace daga 25 an fara wuce ƙima, daga 30 kuma ƙiba ce da likita ke kira ciwo. Nima nace a auna ni, kilo 81, ni da ban fi mita 1.60 ba. A satin nan kuma na kai autana awo, yarinya 'yar shekara 3, aka duba katinta aka ce min wata da watanni nauyinta bai motsa ba. Wallahi ranar a keke na dinga share hawaye har gida. Tukunya ɗaya muke ci, manya suna ta kumbura yarinya kuma ta tsaya cak, kuma ni ce mai dafawa.

Daga baya na ga ba gidana kaɗai ba ne. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, a daidai lokacin da kashi 37 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 ba su kai tsayin shekarunsu ba, kuma a nan Arewa maso Yamma matsalar yaran ta fi muni. Wannan fa tun kafin tsadar nan ne.

Likitan yace a rage mai da suga da gishiri, a ƙara ganye da wake da hatsin da ba a cire masa dusa ba, ita kuma yarinya a ƙara mata abin gina jiki. Na ji, amma tambayata ita ce da wane kuɗin? Dan in ka shiga manyan kantuna na wajen PZ ko GRA ka ga abin da ake kira abincin masu rage ƙiba, gwangwanayen hatsin turawa da biredin alkama da tufa 'yar waje, sai ka ɗauka lafiya ta masu kuɗi ce kawai. Wata malama da muke koyarwa tare ce ta sa ni a gurup ɗin shagon nan, tace ki gwada wata ɗaya.

Zuwana na farko da ƙafata na je dan in ga kayan da idona. Shago ne ba wani babba ba, buhuna jere har rufi, sito a baya, mai shagon dattijo ne mai haƙuri da yara biyu masu awo. Na faɗa masa halin da nake ciki, yace Hajiya ai maganinki yana cikin buhunan nan, mutanen da can me suke ci in ba dawa da gero da wake ba. Ya ɗebo min dawa kaura da farfara ya nuna min bambanci, yace in zan yi tuwo kar in bari a surfe ta fes, a ɗan taɓa kawai a wanke a shanya. Ya nuna min waken suya yace tiya ɗaya in na iya awara za ta yi min abin da kuɗinta ba zai saya min na nama ba. Gaskiyarsa ne kuma, dan waken suya ya fi duk sauran wake sinadarin gina jiki, kusan kashi ɗaya cikin uku nasa ko fiye ma duk shi ne. Abin da ya ba ni haushi da kaina shi ne a Zariya nake, garin da cibiyar binciken noma ta Samaru take fitar da irin wake da dawa da masara da ake shukawa a ko'ina a Arewa, amma na bari taliyar leda ta kore su daga kicin ɗina.

Abin da na fi jin daɗinsa a wajensu shi ne za ki iya ɗaukan kaɗan-kaɗan na abubuwa da yawa a kuɗin sari. Da can in na samu kuɗi sai in zuba su duka a rabin buhun shinkafa da katan ɗin taliya, shikenan wata ya ƙare a kansu, safe da rana da dare. Yanzu da kuɗin nan ɗaya nake ɗaukan tiya 4 na shinkafa kawai, sauran in raba, wake tiya 5, dawa 5, gero 3, waken suya 2, gyaɗa 2, alkama 1, tsakin masara na fate, sai kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da suke ajiyewa a gefe. Ban ce kuɗin cefanena ya ragu sosai ba, kar in yi ƙarya, ya ɗan sauka musamman da hatsi ya karye a 2025, amma abin da na rage a nan shi nake mayarwa a kiret ɗin ƙwai da kifi busasshe da ganye, dan su waɗannan ban ga sun sauko kamar hatsi ba.

Fate kam ya dawo gidana da ƙarfinsa, mu Zazzagawa dama an san mu da shi har ana mana tsiya. Tsaki kaɗan, rama ko alayyahu ko yakuwa mai yawa, wake, gyaɗa dakakkiya, albasa da attaruhu, kusan ba a buƙatar mai, kuma mutum zai sha kwano ɗaya ya ƙoshi har yamma. Dambun zogale, ɗanwake, alale na gwangwani maimakon ƙosai kullum, kwaɗon rama da ƙuli, tuwon dawa miyar kuka da daddawa sosai dan in rage magi. Ita kuma auta na haɗa mata garin kunu, gero da waken suya da gyaɗa da aka soya sama-sama aka niƙa tare, ina dama mata safe da yamma, in akwai ƙwai in dafa mata ɗaya ita kaɗai, kuma a nata abincin nake ƙara cokalin manja, dan ita mai take buƙata, mu ne ba ma buƙata. Wannan raba tukunyar shi ya fi ba ni wahala a farko, sai da na saba da ɗibar nata kafin in gama namu.

Maganar mai kuwa, a nan na gane inda kuɗina da lafiyarmu suke zurarewa tare. Giram ɗaya na mai yana ba jiki ƙarfi fiye da ninki biyu na giram ɗaya na ɗanyar shinkafa ko garin tuwo, a ma'aunin ƙarfin abinci da ake kira kalori 9 ne a kan kusan 4, cokalin cin abinci ɗaya na mai kusan kalori 120 ne, mu kuwa ba cokali muke sawa ba, kwarara galan muke yi har sai ya taso saman miya a ce miya ta yi kyau. Galan mai lita 5 da ƙyar yake mana sati 3, ban da manja. Yanzu lita 3 nake cewa su auna min kuma tana kai wata, na ajiye ludayi ƙarami a bakin galan ɗin, ko ƙanwarsa ce za ta yi girki da shi take aunawa. Suga ma haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce kamar ƙaramin cokali 12 a rana, in ya tsaya a 6 ya fi, gishiri kuma ƙasa da giram 5, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya har da wanda ke cikin magi da biredi. Abbansu shayin safe kaɗai cokali 4 yake zubawa, ya sha wani a wajen mai shayi da dare, da rana kuma lemon kwalba mai sanyi wanda babbar roba ɗaya ta kusa cinye lissafin ranar gaba ɗaya. Da muka zauna muka ƙirga tare shi da kansa yace a daina sa suga a cikin oda sai rabin abin da muka saba.

To yanzu ƙorafi, dan akwai shi.

Na farko tsakuwa da ƙasa. Wakensu da geronsu ba a gyare suke zuwa ba, sai kin zauna da faifai da tire kin tsince kin rege, a wata na biyu tiya 5 na wake na fitar da kusan cikin gwangwanin madara biyu na tsakuwa da ɓawo, wannan ai kuɗina ne. Mace mai aiki da ke fita 7 na safe ta dawo da la'asar ba ƙaramin nauyi ba ne a kanta, ga zuwa inji, ga wuta da ba ta tsayawa balle ki yi markaɗe a gida, ga gas da wake ke sha in ba ki jiƙa shi tun dare ba. Duk mai cewa abincin gargajiya ya fi araha ya dinga sa lokacin mace a cikin lissafi, shi yasa bana ganin laifin wadda ta dawo a gajiye ta ɗora taliya minti 10 ta sauke.

Na biyu shi ya fi tayar min da hankali. Akwai watan da aka kawo min wake, ina buɗe ledar wani wari ya bugi hancina irin na maganin ƙwari, babu ƙwaro ko ɗaya a ciki, fes. Ban dafa ba, washegari na ɗauka na mayar. Kun san wannan ba wasa ba ne, a kan irin maganin nan ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, NAFDAC ma ta sha jan kunne a kan zuba wa abinci shi. Nace masa Alhaji ni da nake gudun ciwo ɗaya kar in sayo wani da kuɗina. Yace wallahi Hajiya ba a shagonsa aka sa ba, haka ya sayo buhun, ya karɓa ya canja min ba gardama, kuma daga baya na ga ya fara ajiye wake a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa iska ba ta shiga, wanda ƙwari ke mutuwa ba sai an sa magani ba. Na ji daɗin yadda ya karɓi maganar, amma sauran mutane 9 da muka raba buhun nan da su fa? Ban ga ya yi sanarwa a gurup ba, sai ni ce na rubuta, kuma a ganina shi ya kamata ya fara. Tun daga ranar duk abin da aka kawo sai na shinshina, gyaɗa da masara kuma ina duba ko akwai fumfuna ko waɗanda suka yi baƙi in zubar, dan gubar da ke cikinsu hanta take taɓawa kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Sai lokaci. Asabar ɗin da suke cewa wani lokaci sai Litinin, sau ɗaya har Laraba, in buhu bai cika ba kuma sai ki jira ko ki cika kuɗin tiya. Acca da nake so saboda Abbansu sau 2 kawai ta samu a wata 8 dan masu nema ba su da yawa. Sau ɗaya kuma farashin da aka turo ranar Alhamis ya canja kafin Asabar aka ce in ciko, ban ji daɗi ba, in an karɓi kuɗin mutum ai ciniki ya faɗa.

Kuma ba sa sayar da ɗanyen kaya ko kaɗan, ganye da tumatir da kabewa da yalo sai na nema daban. Da rani abin da sauƙi, kayan lambun bakin Galma da na wajen Hunƙuyi suna shigowa, kabeji da karas da latas har sai kin gaji, mangwaro ma in lokacinsa ya yi kowa na ci. Amma daga damina ta kama tumatir ya yi tsada, a nan ne giram 400 na ganye da kayan marmari da ake cewa mutum ya ci a rana yake zama magana kawai a gidan mutum 7. Ni dai zogale da rama na shuka a buhunan siminti a bayan ɗaki, su ke rufa min asiri. Na ba shi shawara ko busasshen tumatir da busasshen zogale ya dinga kawowa cikin haɗakar, yace zai duba, har yanzu dai shiru.

A gida ma ba a tafi da daɗi ba da farko. Yaran sun yi bore, babban cewa yayi shi a makaranta kowa taliya yake zuwa da ita shi kuma a ba shi dambu, sai da muka yi sulhu, ranar Juma'a da Lahadi shinkafa da miya ko taliya, sauran ranaku abin da na dafa. Wanda ya fi min ciwo shi ne da muka je cikin birni gaida Hajiya, ta kalli ɗanta tace me ya same ka ka zube haka, ko abincin ne ba a ba ka? Ni ina zaune a gefe. Kun san mu a wajenmu tumbi alamar hutu ne, mace in ta yi ƙiba an ce miji ya iya kiwo, har maganin ƙiba 'yan mata ke saya suna sha, to namiji ya rame kuma matarsa za a kalla. Shi ne ya ce mata Hajiya likita ne ya sa ni, jinina ne ya hau, kuma ita ce ke tsaye a kaina. Sai ta yi shiru, da za mu tafi ta ƙullo min daddawa da kuka tace ki dinga sa masa wannan, irin ta Baban su ce.

Zuwa yanzu ya sauko kilo 91, yana shan maganin jininsa bai daina ba, yana tafiya da ƙafa bayan asuba zuwa bakin titi ya dawo, suga kuma gwajin ƙarshe ya yi ƙasa. Ni ina 77, a hankali nake sauka dan ni ce mai ɗanɗana girki kuma biredi har yanzu yana ja na. Auta kuwa awo biyu a jere layin katinta ya ɗaga sama, nas ɗin har tambayata ta yi me nake ba ta. Ba zan ce shagon ne ya yi duk wannan ba, amma da ban samu inda zan ɗauki wake da waken suya da gero kaɗan-kaɗan a kuɗin buhu ba, da na koma katan ɗin taliya tun wata na biyu, wannan na sani.

In kina da inda za ki ajiye awon wata, kina da mai taya ki tsinta, kuma kuɗinki na zuwa a dunƙule kamar albashi, zan ce ki gwada su ko irinsu, ki fara da kaɗan, ki je da kanki karon farko, ki sa a ɗora a sikeli, ki shinshina wake kafin ɗan keke ya tafi. In kuma kullum ake ba ki kuɗin cefane a hannu tsarin zai miki wuya sai dai ku haɗu ku biyu ko uku da maƙwabta ku yi kamar adashi, haka wasu mata biyu a layinmu suka yi watan jiya, suka shiga da sunan mutum ɗaya. Odar wannan watan na riga na tura tun jiya, na ƙara tiya ɗaya ta waken suya na rage ɗaya ta shinkafa, kuma na sake rubuta acca ko Allah zai sa buhun ya cika.